Kafin mu haɗa magani da magani

A nan Maraɗi, wanda ciwo ya kama yakan karɓi ƙwayar asibiti, ya sayi ta mai talla a kasuwa, ya ɗora da jiƙon gida. Ni malamin lakwal ne, aikina ya haɗa ni da gidaje da yawa, kuma na lura kowa yana tsammani yawan magani shi ne saurin warkewa. Alhali wani magani ba ya shiri da wani.

Mu ɗauki farasitamol. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. To amma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Mutum sai ya sha wannan ya sha wancan, ya zarce ƙima bai sani ba, hanta ta ɗauki wahalar. In yana shan giya, haɗarin ya ƙaru.

Kada mu ce zancen giya bai shafe mu ba. Wasu jiƙe-jiƙen kwalba da ake shigowa da su da sunan maganin basir, cikin barasa aka jiƙa su. Mai shan Flagyl ya nisance su har kwana 2 bayan ya gama, don suna iya sa shi amai da bugun zuciya. Tiramol kuwa, in ya gamu da giya ko ƙwayar barci, yana iya tsayar da numfashi.

Ko abincinmu yana da nasa hukunci. Nono yana hana tetrasikilin da sifuro shiga jini sosai, sai a bar tazarar awa 2 tsakaninsu da fura. Amma Coartem na zazzaɓin cizon sauro ya fi aiki in an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Shayi kuma yana rage amfanin ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa mata masu ciki.

Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su rubuta wa iyayensu sunan duk abin da suke sha, har da sassaƙe da saiwa. Ranar zuwa asibiti a tafi da takardar da kwalayen, a nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Shi ma ba zai iya kare mu daga abin da muka ɓoye masa ba. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.