Ramin da ba fanko ba

Ba haske kaɗai rana take aiko mana ba. Ba ƙaƙƙautawa take feso ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki, suna gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa, ɗauke da ƙarfin maganaɗisunta. Wannan ita ce iskar rana, wadda Eugene Parker ya yi hasashenta a 1958, kuma a cikinta taurarin ɗan'adam da muke dogaro da su suke shan duka.

Abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne yadda na'urar kumbo kan ga ƙarfin maganaɗisun nan ya faɗi kwatsam, ƙasa da rabinsa, na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya dawo kamar ba a yi ba. Tun 1977 masana ke kiran wannan "ramukan maganaɗisu".

Me ke haƙa su? Idan zafin motsin ƙwayoyin a gicciyen layukan maganaɗisu ya rinjayi motsinsu a tsawon layukan, sai su cunkushe wuri guda, su ture layukan gefe. Wasu ramukan kuwa kan bayyana inda layuka masu saɓanin alƙibla suka tsinke suka sake haɗuwa. Kumbon Parker, da NASA ta harba a 2018, ya tarar da su har kusa da rana.

Ke nan ramin ba fanko ba ne. Inda maganaɗisu ya ja da baya, matsin ƙwayoyi ne ya maye gurbinsa. Aikin jarida ya koya mini cewa idan alƙaluma suka faɗi haka kwatsam, tambayar farko ita ce: wa ya shigo wurin?