Allon da ya sha mai

Yayana, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin kanikanci a Arlit shekara da shekaru. Da ya dawo Damagaram, cikin kayansa har da wani ƙaramin jirgin sama na wasa, wanda ya saya a hannun wani Bafaranshe mai shirin komawa gida. Faɗin fukafukansa mita ɗaya da rabi ne, amma injinsa na gaske ne, kuma daga ƙasa ake sarrafa shi da rediyo. Bayan rasuwar Yaya, jirgin ya daɗe rataye a zaure yana shan ƙurar hunturu, har ranar da ɗansa, wanda nake riƙo, ya ce mini: «Baba, wai abin nan ya taɓa tashi kuwa?»

Na sauko da shi. Ina taɓa farfela sai na ji injin yana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Lafiyar injin ƙalau. Ciwon yana jikin bangon da aka ɗaure shi. Wannan bango ɗan allo ne a goshin jirgi, tsakanin inji da tankin mai. A manyan jirage da ƙarfe ake yin sa domin ya tare wuta, a nan kuwa katako ne mai falle-falle, kaurin milimita 6. Sauran gangar jikin ta balsa ce, itacen nan marar nauyi da ake kawowa daga Ekwado, wanda ko farce yana nutsewa cikinsa. Saboda haka duk jijjigar injin da ke juyi fiye da sau 10.000 a minti ɗaya, a kan ɗan allon nan take sauka.

Man irin wannan inji metanol ne gauraye da man zurma. Metanol yana ƙonewa, man zurma kuwa fesowa yake yi, ya bi kowace kafa ya shige itace. Allon ya sha ya ƙoshi, ya yi baƙi, ya yi laushi. Na fara da dabarar rago, na ɗura gam mai saurin kamawa cikin tsagar. Kashegari da na ja, sai ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa, domin gam ba ya kama itacen da ya sha mai. Na barbaɗa sitaci, na ɗora dutsen guga mai ɗumi, na kakkaɓe, na sake, har sau biyar. Balsar da ke gefe ta tsotse ta yi haske, amma allon ya riga ya mutu. Babu makawa sai an cire shi.

Da na zare tanki na haska fitila ciki, sai hannuna ya tsaya. A bayan allon ga rubutun Yaya da fensir: layuka biyu sun gitta juna, ga lamba 2, ga ƴar kibiya. Ashe shi ya yanka shi da kansa. Ba mu da wasiƙarsa ko ɗaya, don shi ba ma'abocin alƙalami ba ne. Kwana uku ina juya zancen a raina: in mayar da jirgin zaure da rubutunsa, ko in sa wuƙa?

A dare na uku na fahimci lambar. Ba a ɗaure inji a miƙe sak. Ana karkata shi kamar digiri 2 zuwa dama, domin juyin farfela yana fizgar jirgi zuwa hagu. Mutum kuwa ba ya rubuta awo a inda ido ba ya kaiwa, sai don wanda zai zo gyara a bayansa.

Da safe na kira yaron. Muka yanke allon a hankali, muka ɗora shi kan sabon katako muka zana kewayensa. Muka dama Araldite mai jinkirin bushewa, wanda ke samun lokacin ratsa itace, muka tallabe kusurwoyi da ƴan sanduna masu gefe uku, sa'an nan muka shafe fuskar allon da shi don kada mai ya sake samun hanya. Kafin mu manne, na miƙa masa fensir. Ya kwafi layukan mahaifinsa, da lambar, da kibiyar, hannunsa na rawa.

Tsohon allon yana cikin akwatina, naɗe da ƙyalle, har yanzu yana warin zurma. Jirgin kuma yana kan tebur, muna jiran iskar hunturu ta lafa.