Abin da muka gani a Malbaza

Mun tashi daga Maraɗi bayan sallar asuba, muka bi ta Gidan Rumji da Madawa, muka tsaya Galmi sayen albasa, hantsi ya same mu a Malbaza. Yawancinmu da siminti muka san garin. Amma wannan karon filin sola muka je gani, don mu da ke sana'ar ƙanƙara, zoɓo da niƙa, kuran shi ne jarinmu. In ya ɗauke, ƙanƙara ta narke, zubin sati ya gagara.

Tashar tana da ƙarfin megawat 7, an buɗe ta a watan Nuwamba 2018. Faranti ne jere-jere kamar kunyoyin gona, babu hayaƙi, babu ƙarar inji. Wutar ba ta tsaya a Malbaza kaɗai ba. Ana juya ta, a ƙara mata ƙarfi, a zuba ta cikin babban layin NIGELEC, ta haɗu da wadda ake sayowa daga Najeriya da ta injinan gazuwal. Kusa da Yamai ma akwai irinta a Goru Banda, mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke mana wuta.

Ɗan wata ƴar ƙungiyarmu da ya karanci aikin wuta ya yi mana bayani. Layi kamar asusu yake, kowa na zubawa, kowa na ɗiba. Bambancin shi ne asusunmu na da akwati da kwado, layi kuwa ba ya ajiya. Abin da aka zuba yanzu, yanzu za a sha shi. In gajimare ya rufe rana, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe farantan, dole wata tasha ta cike giɓin nan take, in ba haka ba wuta ta yi rauni ko ta ɗauke. Da magariba kuma, lokacin da kowane gida ke kunna fitila da fanka, rana ta riga ta faɗi. Nan ne amfanin batir, shi ne akwatin wuta.

A hanyar dawowa muka yi shawara biyu. Ta farko, aikin da ke cin wuta sosai, kamar niƙa da daskarar da ƙanƙara, mu riƙa yin sa da rana. Ta biyu, duk ƙungiyar da za ta ɗauki kuɗin asusu ta sayi firijo mai sola, kar ta tsaya kan farashin faranti. Ku tambayi girman batir, shekara nawa yake yi, da wa zai gyara in ya lalace. Tun ranar saye ku fara ware kuɗin canza shi, ko da dala ashirin ne kowane sati. Farantin kuma a riƙa share masa ƙura da sassafe.

Ku kai wannan magana zaman ƙungiya na gaba. Allah ya sa albarka a zubinmu.