126.9: Hanyar da Ke Bisa Kan Arlit

Ku saurara, mutanen Arlit da Akokan: akwai babbar hanya a bisa kawunanmu, cike da matafiya kowane dare, kuma da kunnena na ji su suna magana! A da mun saba cewa garinmu ƙarshen kwalta ne, daga nan sai rairayi har Asamaka da iyakar Aljeriya. Ashe a tsayin ƙafa 35,000 tsakiyar hanya muke.

Wani ɗan rediyon hannu ne ya tona mini wannan asiri, irin wanda ake kira sikana, na tsince shi cikin tulin kayan gwanjo a kasuwa. Shi ba ya aika magana, farauta ce aikinsa. Ka ɗura masa lambobin mita a gurabe, ya yi ta zagaya su cikin ƙiftawar ido, inda ya ji murya ya ja birki. In ba ka ba shi lamba ba, sai shuuu kawai har batir ya ƙare.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya yi aikin lantarki a kamfanin haƙar ma'adinai na COMINAK har aka rufe mahaƙar ranar 31 ga Maris 2021. Ya juya shi, ya hure ƙurar da ke cikin maɓallai.

"Yaro, me kake nema a ciki?"

"Baba, duk abin da ke akwai."

"To, sa 126.9, ka kwana a waje."

Ga yadda ake yi, don na san wani zai so ya gwada. Ka zaɓi gurbi na ɗaya, ka danna 1, 2, 6, ɗigo, 9, 0, 0, ka adana. Sai ka sauya salon kamu daga FM zuwa AM, domin jiragen sama, tsakanin megahaz 118 da 137, da AM suke magana. Akwai hikima a nan: in matuƙa biyu suka yi magana lokaci guda, a FM mai ƙarfi kan haɗiye mai rauni gaba ɗaya, a AM kuwa ƙugi ake ji, a gane cewa an haɗa baki, a sake. Sannan akwai ƴar murɗa a saman rediyon mai toshe hayaniya. Ka murɗa ta sannu-sannu har shuuu ɗin ya ɗauke, ka tsaya cak. In ka zarce, ka toshe muryoyin nesa. In ba ka kai ba, sikana ta maƙale a gurbi guda ta ƙi gaba. Ita kuwa ƴar eriyar roba, Baba cire ta ya yi ya ajiye, ya yanko wayar tagulla santimita 59, rubu'in tsawon zangon wannan mita, ya ce in ɗaure ta a kan rufi.

Wajen tsakar dare, ina kan tabarma, sai rediyo ya buɗe. Murya! Namiji, da Turanci, tar kamar daga bayan katanga. Ya kira duk masu saurare, ya faɗi lambar jirginsa, tsayin da yake, inda ya fito da inda ya nufa, da lokacin da zai kai matsaya ta gaba. Tsigar jikina ta tashi. Ban gama miƙewa ba sai ga wata, mace, ta nufi arewa. Sai wani kuma, da wani. Lokacin da suke faɗa agogon GMT ne, awa ɗaya bayan namu, in ba ka lura ba ka zaci sun ruɗe.

Me ya sa suke shelar kansu? Hamada ta yi faɗi, na'urorin ƙasa ba sa kaiwa kowane lungu. Masu kula da sararin yankinmu suna Yamai, ƙarƙashin ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba da shawarar cewa a wasu sassan Afirka matuƙa su riƙa sanar da juna inda suke a kan 126.9, kowa ya san wanda ke gabansa cikin duhu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nisan. Irin wannan mita miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Hasumiyar filin jirgin Agadas, kilomita 240 kacal, ba ta shigowa ko kaɗan. Jirgin da ke kilomita 11 a sama kuwa ana kama shi daga kimanin kilomita 400. Shi ya sa rabin hira kake ji: matuƙi ya yi magana, amsar ƙasa ba ta iso ka. Kuma wannan hanya ta sama ba wasa ba ce. Da Nijar ta rufe sararinta ranar 6 ga Agusta 2023, har zuwa 4 ga Satumba, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi dogon zagaye, shan mai ya ƙaru, tafiyar ta ƙaru.

Yanzu gurabena sun fara cika. Na biyu 121.5 ce, mitar neman agaji, Allah Ya sa ta daɗe ba ta buɗe ba. Na uku 123.45, inda matuƙa kan ɗan taɓa hira. Na sa jinkirin daƙiƙa biyu, kada sikana ta gudu kafin amsa ta zo. Wani gurbi mai kukan banza, wanda cajar wayar salula ke haddasawa, na kulle shi. Mitocin jami'an tsaro kuwa ko kusa ban je ba, kuma kada kowa ya je. Wanda ya san yankinmu ya san dalili.

Jiya Baba ya sake jefo mini wata lamba: 145.8, wannan karon da FM. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai zagaya duniya kowane minti 90 a tsayin kilomita 400, tana ratsowa ta kanmu, kuma a kan wannan mita take magana da masu rediyon ƙasa. Na riga na auna waya, santimita 51. Wa ke da filaya?