YADDA MUKA GWADA ƘAFAR ƊAN KEBBE

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ban san nauyin wannan magana ba sai a farkon zangon karatu na bara, lokacin da aka kawo mana wani sabon ɗalibi daga Kebbe. Kada mai karatu ya ɗauka Jihar Kebbi nake nufi. A'a, Kebbe dai tamu ta Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal. Tun yaron bai ajiye akwatinsa ba labarinsa ya riga shi isowa. Wasu suka ce idan ya bugi ƙwallo sai ta fashe. Wasu suka ce a garinsu ba mai yarda ya tsare masa gida. Nan da nan aka sa masa suna Ɗan Kebbe, sunan kuwa ya bi shi har yau.

Ni kuwa wannan labari bai yi mini daɗi ba, kuma zan faɗi dalili. Ni ne kyaftin ɗin gidanmu, shekara biyu ke nan duk wani bugun tazara ko fenariti ni ake bari da shi. Ga gasar gidaje saura mako huɗu. Sai na ga kamar an zo a karɓe mini abin da na daɗe ina taƙama da shi.

Ran nan da la'asar malamin wasanni ya kira ni, ya ce, "Kyaftin, gobe za mu gwada wanga yaro. Abu biyu nike son in gani, ƙarfin ƙafa da saiti. Kai za ka shirya fili, ka kuma samo mai takalmi." Na ce, "To, Malam."

A nan ne Shaiɗan ya yi mini huɗuba. A ɗakin ajiya akwai takalman ƙwallo iri-iri, amma sai na zaɓo masa wanda na san ya yi masa yawa. Yaron ya karɓa da hannu biyu, har da yi mini godiya.

Da gari ya waye muka hallara. Gwajin farko na ƙarfi ne. Aka ajiye ƙwallo a kan layin yadi 6 na gaban raga, kowa ya buga sau uku, ana auna inda ta fara faɗuwa da taku. Nawa mafi nisa taku 44 ne. Da Ɗan Kebbe ya ja da baya ya sakar mata ƙafa, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu, ƙwallo ta haye tsakiyar fili ta sauka a taku 61. Fili ya kaure da sowa. Daga baya ya gaya mini cewa tun yana ƙarami yake taya babansa cuɗa ƙasar gini da ƙafa, ga kuma tafiyar gona safe da yamma.

Gwaji na biyu shi ne na saiti. Malam ya bayyana mana cewa faɗin raga yadi 8 ne, tsayinta ƙafa 8, wurin bugun fenariti kuma yadi 12 daga layin raga. Ya ce mai tsaron gida yana iya tare abin da ya zo tsakiya, amma kusurwoyi suna yi masa nisa. Saboda haka aka rataye tsofaffin tayoyin mota biyu, ɗaya a kowace kusurwa, aka ce kowa ya buga sau 10, a ƙirga wadda ta shiga taya ko ta taɓa ta. Na samu 6. Ɗan Kebbe ya samu 1 tak. Sauran kuwa, wata ta bi sama, wata ta tsallake katanga, wata ta kori awakin da ke kiwo a bayan fili. Waɗanda suka yi masa sowa ɗazu su ne suka koma yi masa dariya. Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa a zuci na ce, shi ke nan, kujerata ta tsira.

Amma Malam bai ce uffan ba. Ya tsuguna ya danna bakin takalmin yaron da yatsa, ya ji wayam. Ya ɗago ya dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Bai tona mini asiri ba, sai ya ce wa yaron, "Tuɓe takalmin ga." Sa'an nan ya ba mu labarin 'yan wasan Nijeriya da suka je Ingila a 1949, yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, suka kuma ci wasansu na farko da ci 5 da 2. A cikinsu akwai Teslim Balogun, wanda saboda ƙarfin bugunsa ake yi masa laƙabi da tsawa. Da Ɗan Kebbe ya sake bugawa da ƙafa tsirara, sai ya samu 4.

Malam ya ce takalmi ya ɗauki rabin laifi, saura rabi na mai ƙafa ne. Ya nuna mana kurakurai uku. Na farko, da tsinin yatsu yake bugu, alhali bayan ƙafa ko cikinta ya fi faɗi, ya fi kuma kai ƙwallo inda ake so. Na biyu, ƙafar da yake dogarawa a kanta tana tsayawa nesa a bayan ƙwallo, maimakon ta tsaya a gefenta tana fuskantar inda aka nufa. Na uku, yana gantsarewa baya lokacin bugu, wannan kuwa shi ke ɗaga ƙwallo sama. Ya tuna mana da Asamoah Gyan na Gana, wanda a gasar cin kofin duniya ta 2010 ya buga fenariti da ƙarfi a minti na ƙarshe, ta daki ƙarfen sama, daga bisani Uruguwai ta fitar da su. Ya kuma kawo misalin Sunday Oliseh, wanda a 1998 ya haɗa ƙarfi da saiti daga nesa, Nijeriya ta doke Sifen da ci 3 da 2.

Da aka watse sai Malam ya tsayar da ni. Ya ce, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Daga gobe kai ne malaminsa." A daren nan na sami Ɗan Kebbe a ɗakin kwana na gaya masa abin da na yi, na roƙi gafara. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ba komi, yaya. Amma ka koya mini da gaske."

Haka muka yi. Kullum bayan sallar Asuba, cikin sanyin hunturu, mukan fita da ƙwallo da tayoyinmu, da takalmin da ya yi masa daidai. Ina koya masa saiti, shi kuma yana nuna mini yadda ake sakin ƙafa tun daga ƙugu. Bayan mako uku ya kai 7 cikin 10, ni kuma bugu na ya ƙaru da taku biyar.

Ranar wasan ƙarshe muna kunnen doki, saura kaɗan a tashi, sai aka ba mu bugun tazara daga wajen yadi 25. 'Yan gidanmu suka soma kiran sunana. Na ɗauki ƙwallo, na ji zuciyata tana cewa in buga da kaina. Amma na san ƙafata ba ta kai nan ba. Na miƙa wa Ɗan Kebbe. Ya buga ta ƙasa-ƙasa, mai tsaron gida ya tare amma ya kasa riƙewa, wani ɗan aji biyu ya ƙarasa ta cikin raga.

'Yan'uwana ɗalibai, darasi biyu na koya. Ƙarfi ba tare da saiti ba wahalar banza ce, a fili ko a aji. Na biyun kuwa ya fi nauyi: idan aka ba ka amanar gwada wani, ka ji tsoron Allah ka yi masa adalci. Da Malam bai danna takalmin nan ba, da an kori yaro mai baiwa saboda son zuciyata, da kuma kofin da ke ɗakin taronmu yanzu yana wani gida. Allah ya raba mu da hassada, amin.