Ɗaki Mai Sakata

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-17



A ranar 10 ga Satumba, 2024, muka wayi gari a Maiduguri da ruwa a cikin gari. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ya shiga Gwange, ya kai har fadar Shehu da asibitin koyarwa. Gwamnati ta sake buɗe sansanin Bakassi da ta rufe tun 2021. Majami'armu tana kan tudu, ruwan bai iso mu ba, saboda haka muka buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo, namu da maƙwabta.

Da yammar ranar muka zauna da dattawan ikilisiya, muka yanke shawara cikin minti goma: maza su kwana a cikin majami'a, mata da yara a azuzuwan makarantar Lahadi. Muka ga tsarin ya yi kyau, ba abin da wani zai faɗa. Zumuntar Mata ta ɗora tukunya, ku matasa kuka yi ta jigilar tabarmi da gidan sauro. Gaskiya, mun ji daɗin kanmu.

A mako na uku wata tsohuwa ta tare mu bayan sujadar safe. Ta ce, "Baba Fasto, abinci kam mun gode, Allah ya sāka. Amma jikanyata budurwa ce. Ba ta iya sauya zane sai ta jira dare, a kashe fitila." Daga nan idonmu ya buɗe. Muka lura magidanci da matarsa, in za su yi shawarar ko su koma gidansu ko su nemi haya, sai sun tsaya a gindin dalbejiya, kowa na wucewa yana ji. Mun raba iyalai kwana ashirin, ba mu tambayi ko mutum ɗaya a cikinsu ba.

A makarantar tauhidi mun karanta labarin matar nan ta Shunem, amma hankalinmu ya fi tafiya ga ɗan da Allah ya ba ta. A wannan makon ne muka tsaya a kan ɗakin. Ta daɗe tana ciyar da Elisha duk lokacin da ya biyo ta garinsu, sai ta ga abinci kaɗai bai isa ba. Ta yi shawara da mijinta, suka gina masa ƙaramin ɗaki a saman gida, mai bango. Abu huɗu ta sa a ciki: gado, tebur, kujera da fitila. Gado kowa zai tuna da shi. Amma tebur da fitila sai wanda ya zuba ido ya ga wane irin mutum ne baƙon, ya gane yana da aikin yi ko bayan faɗuwar rana. Ku duba aya ta 15 kuma. Da Elisha ya sa aka kira ta, a bakin ƙofa ta tsaya. Gidanta ne, kuɗinta ne, amma ɗakin ya zama nasa.

Masu aikin agaji suna da ma'auninsu, wanda ake kira Sphere. Mafi ƙaranci a wurinsu shi ne murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri ga kowane mutum, lita 15 na ruwa a rana, da bayan gida ɗaya ga mutum 20. Mita 3.5 ɗin nan kamar ƙafa shida ne a tsaye, shida a kwance. Da muka auna azuzuwanmu, ko rabin haka ba mu kai ba.

Sai wani kafinta daga cikinku ya kawo katako, muka sayi tamfol, muka yanka kowane aji gida-gida, iyali ɗaya a kowane yanki, maigida ya dawo wurin iyalinsa. Nan ma mun yi kuskure. Muka ja tamfol har silin, iska ta daina shiga, da azahar ɗakin ya zama tanda. Dole muka rage shi daga sama, muka bar kamu biyu. Matan ne suka ce a sa sakata ta ciki a ƙofar bayan gida, a rataye fitilar sola a hanyarsa, domin 'yan mata da yawa sun rage shan ruwa da yamma don gudun fitar dare. Su ne kuma suka roƙi a bar kowace ta kafa murhunta. Tukunyar ikilisiya tana ƙosarwa, amma mace tana so ta kaɗa miyarta yadda mijinta ya saba.

Ba mu ne farkon koyon wannan ba. A Yola, mutanen da suka gudu daga Boko Haram a 2014 sun zauna shekaru a harabar majami'ar St. Theresa. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya mayar da su gidaje 86 da aka gina musu a Sangere-Marghi, tare da makaranta da majami'a, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kirista sun yi gunaguni a kan masallacin. Mu ma da muka keɓe lungu mai tsabta da buta ga maƙwabtanmu masu salla, wani dattijo bai gaishe mu ba har mako biyu. Ba mu janye ba, kuma ba mu yi nadama ba.

Damina tana tafe. Katakon nan yana sito, amma gara ta ci kusan rabi. Ranar Asabar da ƙarfe bakwai za mu haɗu mu tsince shi, mu harhaɗa firam ɗin da za a iya kafawa cikin awa ɗaya. Masu karatun gini da kafintoci su zo da guduma da ma'auni. Mun roƙi Mama, wadda ta tare mu a ranar nan, ta zo ta nuna mana inda ƙofa za ta fuskanta.