Gandun Algonkwin, Inda Gishiri Ke Fito Da Mus

Yau ƙasar Kanada za mu leƙa, wani gandun daji da ake kira Algonkwin a lardin Ontariyo, tafiyar kamar awa 3 a mota daga birnin Toronto. Tun 1893 aka keɓe shi, tafkuna ne da itatuwa iyakar ganinki. Mutane kan je can takanas don ɗaukar hoton wata dabba da ake kira mus.

Kada ki ce mussa ce ta ɗaki. Mus ya fi gwanki girma nesa ba kusa ba. Tsayin babban namiji daga ƙasa zuwa doro ya kai wajen mita 2. Ga leɓe kamar na raƙumi, ga dogayen ƙafafu, ga ƙaho shimfiɗaɗɗe kamar tafin hannu a buɗe. Namiji kaɗai ke da ƙahon, kuma kowace shekara sai ya zubar da shi lokacin sanyi, wani sabo ya tsiro.

To, yaya za a yi a ga dabba a wannan uban daji? Gishiri ne ke fito da ita. Akwai hanyar mota mai lamba 60 wadda ta ratsa kudancin gandun, tsawon kilomita 56. Lokacin sanyi akan watsa mata gishiri don ƙanƙara ta narke. Idan sanyi ya wuce, watau watan Mayu zuwa Yuni, ruwan gishirin ya kwanta a ramukan gefen hanya. Shi kuwa mus ya yi watanni yana cin tsinken itace lami, sai ya fito ya yi ta sha, kamar yadda shanunmu ke ɗokin kanwa. In zafi ya shigo kuma sai ya koma tafki yana cin bado, har ya kan nutsa kansa cikin ruwa ya tumɓuko.

Saboda haka mai son hoto sai ta yi asubanci, ko ta bari sai yamma liƙis. Ki kauce da motarki daga kan hanya, ki kashe ta, ki yi shiru. Idon mus ba shi da ƙarfi, amma kunnensa da hancinsa ba su barci. Ki tsaya nesa, aƙalla mita 30, ki bar gilashin kyamara mai jawo nesa kusa ya yi miki tafiyar.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. A daidai wannan lokaci ne macen ke haihuwa, ɗa ɗaya ko tagwaye. Ɗan abin sha'awa ne, ja-ja, ƙafafu na rawa, kowa zai so ya matsa. Kul! Uwar ba ta da ƙaho, amma da kofato take korar kyarkeci. In kin ga ta kwantar da kunnuwa baya, gashin doronta ya miƙe, to ki ja da baya, ki shiga mota ko ki ɓuya bayan babban itace. Kada ki kuskura ki shiga tsakaninta da ɗanta. Ke da kika goya ɗa, ai ba sai an yi miki dogon bayani ba.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.